Yadda Na Tayar da Dattijuwa

Babu abin da ya lalace a duniyar nan har ya fi ƙarfin gyara. Abin da mutane ke kira lalacewa, rashin sanin inda ake samo kayan gyara ne kawai. Wannan ba ra'ayi ba ne, ilimi ne, kuma ni Najaha 'yar Sallau direba na isa in faɗe shi, tunda ina da lisans ɗin labarin ƙasa daga jami'ar Damagaram. Yana nan naɗe a leda a ƙasan akwatin Inna, tare da zannuwan da ba a ɗaurawa sai ranar biki.

Sai dai ba a jami'a na samo ilimin ba. A cikin wasan kwamfuta na same shi.

Wanda yau ya fara leƙo wannan shafi, ya samu wuri ya zauna in nuna masa gidanmu. Muna bayan tashar Matameye. In ka turo ƙyauren langa-langa, abin da za ka fara gani ba mutum ba ne, mota ce: Fijo mai dogon baya, a gindin darbejiya, an ɗora ta kan duwatsu. Sunanta Dattijuwa. Da ita Baba ya yi ta jigilar mutane tsakanin Matameye da Damagaram tun ba a haife ni ba. Da ita ya gina ɗakunan nan, da ita ya sa ni lakwal, wato makarantar boko. Ina shekarar ƙarshe a jami'a ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a ƙofar masallaci. Ciwon bai tsaya a kansa ba, ya wuce kan motar. Ya ci tayoyinta, ya ci batir, ya ci radiyato, ya ci ƙofar gaba ta wajen fasinja. Duk sanda likita ya rubuto magani, Inna sai ta aika tasha a zo a kwance wani abu. Abin da ya rage kaji suka gada. A mazaunin direba suke ƙwai.

Baba kuwa ya juya mata baya. Ba salon magana nake yi ba: sawa ya yi aka juya kujerarsa ta fuskanci katanga. Likita ya ce harshensa ya yi nauyi amma bai mutu ba, zai iya magana in ya so. Bai so ba. In an gaishe shi ya ɗaga hannun hagu, hira ta ƙare ke nan.

Ni kuma na dawo gida na kama jiran aiki, sana'ar da ta fi kowace yawan ma'aikata a ƙasar nan. Kwamfutar da na rubuta kundin kammala karatu da ita tana hannuna, kuma kafin mu rabu ƙawata Zuhra ta zuba mini wani wasa a ciki, ta ce zai rage mini tsawon wuni.

Ga yadda wasan yake. An ba ka tsohuwar mota da gareji a wata ƙasa mai dazuzzuka, wadda mutanenta suka gudu suka bar komai saboda ƙasar ta haukace. Iska na cin ƙarfe, hanya na tsagewa, wasu abubuwa marasa suna na bin mota suna fizge mata ƙofa. Babu kanti, babu kuɗi, babu kawun da ya san wani a ofis. Fita za ka yi ka nemo. Ka tsaya a gidan da aka bari, ka buɗe akwatuna, ka kwashi wayar wuta da salatif da tsumma. Ka tarar da mota a gefen hanya, ka ɗora mata abin yankan ƙarfe, kafin ka ƙifta ido ƙofarta ta zama guntayen ƙarfe, tayarta ta zama roba, fitilarta ta zama gilashi. Bayan motarka ba ya cin komai da komai, dole ka zaɓa, kuma kana cikin zaɓen sama za ta yi ja, alamar guguwa ta taso, sai gudu. In ka iso gareji da ranka, ka zube tarkacen a kan teburin aiki. Ƙarfe da salatif su ba ka ƙofa. Roba da ƙarfe su ba ka taya. Akwai wani farin kwaɓi da ake haɗawa, duk inda ya lotse ka shafa, ya miƙe kamar ba a taɓa buge shi ba. Gobe ka fi yau nisa.

Ban taɓa ganin tsari mai adalci irin wannan ba. Ka wahala, ka samu. Ni da na wahala shekaru na samu leda a ƙasan akwati, dole abin ya shiga raina.

Bayan azahar nake bugawa, a ƙarƙashin rumfa, in sola ta cika batir. Wata rana na manta ban sa abin kunne ba, ƙarar injin ta fito fili. Ina cikin yanka wata farar mota sai na ji murya a bayana, mai nauyi kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Motar... wa ce?"

Na juya. Baba ne. Ya karkato wuya yana kallon kwamfutar. Inna da ke tankaɗe a bakin madafa ta tsaya cak da rariya a hannu.

"Ba ta kowa ba ce, Baba. Wasa ne. Masu ita sun gudu."

Ya daɗe yana tattaro kalmomin. "Za su dawo."

"Ba za su dawo ba. Haka aka tsara shi."

"Hm," in ji shi. Can kuma ya ce, "Kin bar taki a kunne. Mai na ƙonewa."

Inna ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Na ji tana fyace hanci.

Daga ranar aka juyo kujerar. Baba ya zama maigidana a wasa, ni yaron motarsa. "Roba," zai ce. "Ɗauki roba. Ƙarfe ko'ina akwai." In na tsaya shafa wa motar fenti ya ja tsaki da rabin bakinsa: "Taya kafin ado." Ba ya yarda in bar gareji ban duba ko wace taya ba, ba ya yarda in cika bayan mota da gilashi alhali babu salatif. Ranar da guguwa ta ritsa mu muka rasa duk abin da muka tara, ya ƙi cin tuwo. Ranar da muka haɗa ƙofar ƙarfe mai kauri, ya nemi ƙari. Amma a ranar ce na lura idonsa ba ya kan kwamfutar. Ya tsallake ta, yana kan Dattijuwa, daidai ramin da ƙofarta ta bari.

A nan ilimin ya sauko mini.

Yanzu bari in shigo da Hashimu, don na san saboda shi kuke nan, ba saboda radiyato ba. Hashimu a hannun Baba ya tashi. Shi ne aparantinsa, mai ɗaure kaya da tura mota, har ya koyi tuƙi, ya yi ta fama ya mallaki tasa Fijon, irin Dattijuwa sak, ɗaya daga cikin na ƙarshe da suka rage a layin tunda kowa ya koma ƙananan bas. Dogo ne, maganarsa ba ta da yawa, shaddarsa mai ruwan toka ta sha guga har gwiwar hannun tana ƙyalli. Malama yake ce mini, kuma har yau ban gane ba ko girmamawa ce ko tsokana.

A motarsa abin ya fara. Ina dawowa hutu, ina gidan gaba, muka faɗa wani rami bayan Takieta, ɗan kunnena ya fita ya zurma ta ramin gilashi cikin ƙofa. Tun daga nan ƙofar ta samu murya. A kwalta shiru take, amma da an hau burji sai ka ji kas, kas-kas, kas. Na ce ya buɗe ta ya ciro mini abina. Ya ce, "A bar shi. In na taso ni kaɗai daga Damagaram, shi ke taya ni hira." Wannan ita ce duk waƙar soyayyar da Hashimu ya taɓa yi mini. Na riƙe ta, na kuma riƙe ɗayan ɗan kunnen a gwangwanin hoda.

Mutanensa sun kawo gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Don haka ne Gwaggo Hanifa, yayar Baba, ta taso daga Dawce cikin lafaya ruwan goro, ƙamshin humrarta ya riga ta sallama.

"Ke Najaha, kashe talabijin ɗin nan ki zo. Sau nawa mutanen yaron nan za su aiko? An cire amfanin gona, rake ya shigo kasuwa, me ake jira? Ko sai kin yi furfura a gindin darbejiya ke da kaji?"

"Gwaggo, ina da sharaɗi."

Gwaggo ta juya wajen Inna. "Sharaɗi! A'i, kin ji? Mu a zamaninmu sharaɗin yarinya shi ne ta yi kuka ranar kai ta."

Inna ba ta faɗin sunana, tunda ni ce 'yar fari, don haka tukunya ta gaya wa: "Ai 'yar nan tun da ta dawo da takarda, sai addu'a."

Na gyara zama. "Ba za a sa rana ba sai Dattijuwa ta tashi. Sai Baba ya sake shiga cikinta."

Gwaggo ta juya ta dubi motar. Wata kaza ta leƙo ta taga ta dubi Gwaggo.

"Wannan? Wannan ai sai an busa ƙaho."

Na yi musu bayani da harshen jami'a. Na ce matsalarmu a ƙasar nan ita ce mun ɗauka komai sai an saya. Na ce hanyoyinmu cike suke da matattun motoci, kowace taska ce ga mai ido. Na ce ba kuɗi ake buƙata ba, tsari ake buƙata. Gwaggo ta ce a kawo mata ruwa, kanta na juyawa. Baba kuwa, na ga hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera har jijiyoyin sun tashi. Wannan ya ishe ni hujja.

Da la'asar Hashimu ya zo zance da damin rake. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye da farin mayafi, na fito zaure da kwamfuta a hammata kamar mai zuwa taro. Na nuna masa wasan. Ya kalli yadda nake narkar da ƙofar mota da taɓawa ɗaya.

"Haka kawai take fita? Ba kusoshi?"

"Ba kusoshi."

"Allah ya kai mu wannan ƙasa."

Na faɗa masa sharaɗin. Ya ci gaba da feren rake, ya yanka gaɓa ya miƙo mini.

"Malama, irin motocin nan sun ƙare. 'Yan gwangwan sun kwashe gawarwakinsu sun tsallaka iyaka da su, an narkar. Ni kaina in abu ya lalace mini, ɗinki nake yi."

"Ba ka nema ba ne. Ni kullum sai na samu."

"A cikin wannan."

"Dabarar ɗaya ce. Kuma ban ce ka saya ba, tsintowa za ka yi. Hikima nake son gani."

Ya ajiye raken. Sannan ya ce, "Maigida ne ya ce yana so?" Har yau Maigida yake ce wa Baba.

"Bai ce ba. Amma na ga idonsa."

Ya dubi labulen da ya raba zaure da tsakar gida, ya daɗe.

"To," ya ce.

Masu karatu, ku riƙe wannan "to" ɗin. Za ku sake jin ta.

Aka fara. Ni ce mai tsari, waya ce teburin aikina. Da safe in tura saƙo, kamar yadda wasan ke nuna mini abin da ya rage.

Ni: Ina kwana, Direba. Tayoyi.

Shi: To Malama.

Tayoyi suka zo, sun sha hanya amma suna riƙe iska. Batir ya zo, na wani abokinsa ne da ya canja sabo. Waɗannan kam tsintuwa ce ta gaskiya, kuma su suka ƙara mini ƙarfin baki. Daga nan muka shiga kayan da sai irin motar ke da su. Fitila ta zo. Madubi ya zo. Wata la'asar ya shigo da karbirato naɗe a tsumma kamar jariri.

Ni: A ina ka samo na jiya?

Shi: Nan kusa.

Ni: Ka gani? Ban faɗa maka ba?

Shi: Kin faɗa.

Na tura masa hoton 'yar fuskar nan mai tabarau, ta masu ilimi.

Kullum bayan la'asar yana ƙarƙashin Dattijuwa, ƙafafunsa kawai ake gani, Baba a kujera a gefensa yana ba da umarni da kalma ɗaya-ɗaya. Wasan ma Baba ya daina kallo, ya samu na gaske. Inna na dama fura ta ajiye a gindin taya ba ta ce ga mai ita ba. Ni kuma ina zagayawa da waya ina ɗaukar hoto ina tura wa Zuhra.

Ba zan ce ban ga komai ba. Na gani, na kuma yi sharhi. Ranar da ya zo motarsa da fitila ɗaya, na ce, "Direba, amaryarka ta zama mai ido ɗaya?" Ya ce ai da rana yake tafiya. Da na ji ya daina zuwa Damagaram, iyakarsa Kance ya dawo, na ce lalaci ya kama shi tun ba a ɗaura ba. Da ya fara zuwa a kabu-kabu, ya ce motar na hutawa. Da ya fara zuwa a ƙasa, na yi masa nasiha mai kyau a kan mutumin da ke gyaran motar wasu ya bar tasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ƙara ilimi.

Ranar da ya kawo radiyato ina tsaye. Baba ya ce a matso masa da shi. Ya shafa shi da hannun hagu, yatsansa ya tsaya a kan wani tabon walda a gefe. Ya ɗago.

"Hashimu."

"Na'am, Maigida."

Suka dubi juna. Har na gaji da jira na duba wayata.

"Ɗaure da kyau," in ji Baba.

Ƙofa ce ta zo ƙarshe, a kan amalanke, an shafe ta da fenti mai ruwan toka, ɗanye har yana kama hannu. Hashimu ya ce tsatsa ya rufe. Ta zauna a ramin kamar don shi aka yi ta. Na rubuta wa Zuhra cewa in an ba ni ƙasar nan, shekara ɗaya ta ishe ni.

Washegarin kasuwa aka tayar da ita. An kori kaji, sun tsaya a kan katanga suna kallon zalunci. Inna ta sa kasko ta turara cikin motar da turaren wuta har sau biyu. Gwaggo ta zo daga Dawce, ta ce ta zo ganin ƙarya da idonta. Maƙwabta suka tura, Dattijuwa ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama da wata irin kuwwa da baƙin hayaƙi. Wata a bayan katanga ta rangaɗa guɗa.

An sa wa Baba farar babbar riga da hular da yake zuwa idi da ita. Hashimu ya ɗauke shi cak, ya zaunar da shi a gidan gaba, ya gyara masa ƙafar da ba ta motsi, ya rufe sabuwar ƙofa a hankali. Ni da Inna da Gwaggo muna baya. Da muka bi ta gaban tasha direbobi suka miƙe. "Sallau! Kai, Sallau ne! Dattijuwa ta dawo!" Wani tsoho ya biyo mu da gudu yana dukan bayan motar. Baba ya ɗaga hannu, kuma na ga rabin fuskarsa mai rai yana dariya. Tun da ya faɗi ban ga haƙoransa ba sai ranar. Duk abin da zan faɗa nan gaba, ku sani wannan ma ya faru, kuma ba zan iya cewa ban ji daɗinsa ba.

Muka hau kwaltar Kance. Gwaggo ta zunguro ni da gwiwar hannu.

"To, uwar sharaɗi. A sa rana?"

"A sa, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi. A'i, 'yarki ta sauko."

Can gaba Baba ya nuna wata hanya da ta ratse zuwa fadamar rake, inda yake ɗaukar kaya a da. Hashimu ya karya kan mota. Muka sauka daga kwalta muka hau burji.

Kas. Kas-kas. Kas.

Da farko jikina ne ya gane, kafin kaina. Hannuna ya tafi kunnena da kansa.

"Mene ne ke ƙara haka?" in ji Gwaggo.

"Tsohuwar mota ce, Gwaggo," in ji Hashimu. "Ba ta rasa surutu."

Na nemi idonsa a madubi. Madubin ma na san shi, na sha gyara ɗankwali a cikinsa. Bai dube ni ba, hanya yake kallo. Sai na ga Baba ya miƙa hannun hagu ya tsallaka ƙirjinsa, ya dafe ƙofar da tafinsa, ya danne. Ƙarar ta ragu. Haka ya riƙe ta har muka je fadama muka dawo, yana kallon gaba, bai juyo ba ko sau ɗaya. Na tuna yatsansa a kan tabon walda. Ashe a motar nan mu uku ne muka sani, kuma ni ce ta ƙarshe.

Da safe na sa hijabi na ce za ni gidan kitso. Na bi ta lungun bayan gidansu Hashimu. Motarsa tana nan a kan duwatsu. An rufe ramin ƙofar da buhun gero, gaban a buɗe, cikin wayam. Kaji ba su riga sun gano ta ba.

Na zarce tasha na tsaya nesa, bayan mai tuyar ƙosai. Yana saman bas ɗin wani yana ɗaure damin rake, aikin da ya bari tun ina lakwal. Direban bas ɗin, wanda Hashimu ya koya wa ribas, yana ƙasa yana sakace. "Kai Hashimu, ja igiyar nan mana, ba mu da lokaci!" Ya ja.

Na san abin da za ku rubuto mini: ya ɗauki Dattijuwa ya yi aiki da ita mana. Na riga ku. Ƙashin bayanta ya tsage tun zaman duwatsu, takardunta sun mutu. Za ta iya kai tsoho fadama ta dawo da shi a hankali, amma a ɗora mata fasinja da buhuna, a hanya za ta rabe biyu. Abin da tsarina ya haifar ke nan: an shiga da mota ɗaya mai ciyar da gida, an fito da biyu da ba sa ciyar da kowa. A wasan ba a taɓa nuna mini wannan lissafin ba.

Amsar sa rana ta iso kafin azahar. Baffan Hashimu, Alhaji Alasan, ya aiko da gaisuwa mai yawa, da addu'a ga mara lafiya, sannan ya ce a ɗan dakata tukuna har yaron ya sake tsayawa da ƙafarsa. Gwaggo ta ninke lafayarta ta ce ita dai ba ta gane auren zamani ba: in amarya ta sauko, ango ya hau. Inna ba ta gaya wa tukunya komai ba.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya.

Ni: Na bi ta bayan gidanku.

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo.

Shi: Da kin faɗa da an share wurin.

Ni: Ka zo ka kwance kayanka.

Shi: Maigida ya ci abinci yau?

Ni: Ya ci. Har ƙari.

Shi: To.

Na leƙa ta taga. Baba ya sa an ɗaura masa makullin Dattijuwa a jikin carbinsa, yana ja, makullin na wucewa ta cikin yatsunsa tare da 'ya'yan carbin. Wa zai je ya ce masa a kwance? Ni dai lisans ɗina bai kai nan ba.

Ni: Me ya sa ba ka cire ɗan kunnen ba?

Shi: Naki ne, Malama. Dama gida zai dawo.

Na kifa wayar. Na buɗe kwamfuta don in samu abin yi da hannuna. Na fita daga gareji, na tarar da wata mota a gefen hanya, lafiyayya, roba da gilashi duk ga su. Na fito da abin yanka na tsaya a gabanta. Ina nan tsaye har sama ta yi ja.

La'asar na yi, Baba ya ce a ba shi babbar riga. Ya sa aka juya kujerarsa ta fuskanci ƙyaure. Ba mu daɗe ba aka yi sallama. Hashimu ne, a ƙasa, ƙurar tasha har gwiwa, tafin hannunsa duk shatar igiya, yana riƙe da kwalbar fetur guda, irin ta bakin hanya. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaida Gwaggo. Ni ya ce mini, "Malama, ina wuni," kamar jiya da shekaranjiya. Ya buɗe tanki ya juye kwalbar, ya girgiza ta har ɗigon ƙarshe ya faɗa. Sannan ya ɗauki Baba ya zaunar, ya gyara masa ƙafa, ya rufe ƙofar a hankali don kada ta yi magana.

"Maigida, ina muka nufa yau? Fadama?"

Baba ya daɗe yana tattaro kalmar. Idonsa na ƙyalli kamar na yaro ranar salla.

"Damagaram."

Hashimu ya dubi kwalbar da ke hannunsa. Ya dubi tayoyin. Ya ajiye kwalbar a gindin darbejiya, ya goge hannunsa a jikin shaddar.

"To," ya ce.